Fitilar Da Auta Ta Goge

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika ce jiya kin kasa hawa benen gidanku sai da ƙanenki ya raka ki, ki nemi abokin zama kafin ki fara wannan. Na dai faɗa miki.

* * *

"Rufe ƙofar."

Auta ta rufe. Ɗakin gwaji ba shi da taga, kwamfutoci uku ne kawai da kujera mai karyayyen hannu, sai sanyin na'urar nan da ke sa mutum atishawa da tsakar rana. Alƙali na zaune ya ba ta baya. Shi ke gwada duk taswirar da aka gina a kamfanin kafin ta shiga cikin wasan kwamfutar da suke ƙerawa, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba, don in ya kama kuskurenka, ko kai ne Oga, a gaban kowa zai karanto maka shi. Yau kuwa shi da bakinsa ya ce a rufe ƙofa. Abin da ya fara faɗar mata da gaba ke nan.

"Zauna."

"A'a, faɗi kawai. Fitilu goma sha biyu ne a gabana ban daidaita ba, ga shi ƙarfe huɗu za a miƙa aiki."

"Tun yaushe kika kulle benen nan?"

"Wane bene?"

"Auta, kar ki raina min hankali. Bene nawa ne a taswirar?"

Ɗaya ne, ta sani sarai. Taswirar wani tsohon gida ce da Yayarta ta gina wa wasan kafin ta rasu wata huɗu da suka wuce, ita kuma Auta ta gaji kujerarta da aikinta na haska taswira. Duk gidan Yaya daga kanta ta ƙirƙiro shi, ban da benen. Benen gidansu ne ta ɗauko sak: mataki goma sha shida, na tara da ɓallen baki, ba taga ko ɗaya, sai koriyar ƙofa a can sama. A gidansu na gaskiya, bayan wannan ƙofar Mama take kwance tun da ƙafafu suka ƙi ta.

Auta ta ja kujerar ta zauna.

"Tun satin da na fara aiki," ta ce a hankali.

"Saboda inuwar?"

Hawaye suka zubo mata.

Bari in tuna wa waɗanda suka manta. Fitilun taswira iri biyu ne. Akwai masu rai, kana kashewa wuri ya yi duhu nan take. Akwai kuma waɗanda ake gasa haskensu: kwamfuta ta zauna ta lissafa inda kowane haske da kowace inuwa za su faɗa, ta manna su a bango da ƙasa kamar fenti. In ka cire kujera bayan an gasa, kujerar ta tafi amma inuwarta na nan daram, sai ranar da aka sake gasawa. To a matakin farko na benen nan akwai inuwar mace a tsaye, babu mai ita. Kowane ma'aikaci an taɓa ɗaukar hoton jikinsa ta kowane ɓangare an yi masa mutum-mutumi, don auna tsayin ƙofofi. Auta ta yi imani Yaya ta tsayar da nata a wurin, ta gasa, ta cire, inuwar ta saura. Kuma a kan matakin farko na benen gidansu aka tsinci Yaya a zaune, ba ciwo ba rauni, rai ya yi halinsa.

"Ita kaɗai ta rage min," Auta ta ce tana share ido da bayan hannu. "Kowace safiya sai na buɗe na gaishe ta kafin in fara aiki. Ka yi min dariya in kana so. In aka sake gasa wurin nan ta tafi ke nan. Don Allah Alƙali, ka rufa min asiri zuwa ƙarfe huɗu."

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja, da alama bai runtsa ba.

"An gasa shi."

"Me?"

"An gasa benen nan sau goma sha huɗu tun da kika zo."

"Ƙarya ne! Na kulle shi da hannuna. Yau da safe ma na gan ta."

"A kwamfutarki kika kulle. Tsohon gashi kike kallo kullum. Babbar kwamfuta ba ruwanta da makullinki, duk ƙarshen mako sai ta gasa taswirar gaba ɗaya ta turo min in gwada."



"Ta goge ke nan. Tun tuni ta goge, ni ina nan ina ta haukata."

"Da ta goge ai da na yi barci jiya."

Ya janyo linzamin kwamfutar ya buɗe wata jaka. Alƙali mutum ne da ko ƙusa ya gani a karkace sai ya ɗauki hotonta ya sa kwanan wata. Hotuna suka jeru a allo, duka na benen, duka daga kusurwa ɗaya.

"Wannan satinki na farko."

Inuwar na mataki na ɗaya.

"Wannan na biyu."

Tana mataki na biyu.

"Na uku."

Auta ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Yana dannawa, inuwar na hawa. Ba ta tsallake ko ɗaya, ba ta karkata. A na tara har ta ɗan sunkuya, daidai yadda duk ɗan gidansu ke yi in ya zo wurin ɓallen nan.

"Tsaya. Don Allah tsaya."

"Saura kaɗan."

Hoton ƙarshe ya fito. Mataki na goma sha biyar. Kan inuwar ya riga ya hau jikin koriyar ƙofa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Kuskuren lissafi ne. Yana faruwa, Yaya ta taɓa gaya min, wani lokaci inuwa takan goce."

"Ni ma haka na yi ta gaya wa kaina wata huɗu. Kowane sati hoto ɗaya nake gani, ban taɓa jera su ba sai jiya. Inuwar da ta goce ba ta sunkuya wa ɓallen mataki, Auta."

Ta koma ta zauna. Can wani abu ya zo mata, har ta ɗan yi murmushi cikin hawayen.

"To ko wurin Mama za ta? Yaya ce fa. Ko a mafarki ba za ta cuci Mama ba."

Alƙali ya girgiza kai.

"Ba Yayarki ba ce."

"Kai ka san ta ko ni?"

"Na san tsayinta. Yana rubuce a jikin mutum-mutuminta, mita ɗaya da hamsin da takwas. Ai ke kike tsokanarta da 'yar guntuwa, ita ta ba mu labari. Na ɗauko shi na tsayar a mataki na ɗaya, ƙarƙashin fitilar da ke jefa inuwa. Bai kai ba. Na ɗauko na kowa a kamfanin nan, har na Oga da tumbinsa, babu wanda ya hau."

"To ta wace ce?"

"Mai wannan inuwar ta kai mita ɗaya da saba'in da huɗu."

Ya faɗa yana kallonta tun daga takalmi har ɗankwali, sannan ya kawar da kai da sauri. Tsayin Auta ke nan daidai. Ta san tsayinta. Ta kuma san ita ba a taɓa ɗaukar hoton jikinta ba, don sai bayan rasuwar Yaya ta fara taka ofishin nan.

"Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba," ya ce. "Yayarki ta sa na yi mata rantsuwa."

"Yau dai sai ka kashe ni. Faɗi."

"Ba a bene inuwar ta fara ba. A bakin ƙofar gidan na fara ganinta, tun Yayarki na da rai. Na kai mata rahoto kamar yadda nake kai wa kowa. Ta duba, ta duba, sai ta ce in goge rahoton. Wani sati inuwar tana zaure. Wani sati tana tsakar gida. Yayarki ta daina cin abinci a ofis, ta daina wasa da kowa. Ta cire bango ta mayar, ta sauya inda rana ke haskowa, ta kashe duk fitilun ta sake kunnawa, a banza. Ranar da inuwar ta iso mataki na ɗaya, Yayarki ta wuni a kan fitila ɗaya tak. Wata 'yar mitsitsiya, mai rai, ta rataye ta saman koriyar ƙofa. Launi ta yi ta sauyawa, ƙarfi ta yi ta ragewa tana ƙarawa, har aka tashi ba ta ɗago kai ba. Daga ranar inuwar ta tsaya cak. Sau shida ana gasawa ba ta motsa ba."



"Wace irin fitila?"

"Ruwan ƙwai-ƙwai, mai rauni. In ba ka lura ba ma ba za ka san tana nan ba."

"Haskenta na saukowa har ƙasa? Yana dusashe inuwar?"

"Kin gane ta ke nan."

Ta gane ta. Wayyo Allah, ta gane ta. Kwana uku da fara aikinta, tana zaune tana kallon inuwar tana kuka, ta ga wani ɗan haske daga sama yana wanke mata kafaɗa, ba a ganin ta sosai. Haushi ya kama ta. Ta danna fitilar ko sunanta ba ta duba ba, ta goge. Nan take inuwar ta fito baƙa wuluk, har ta ce a ranta, yauwa Yaya, yanzu na gan ki. Da yamma ta tura gyaranta babbar kwamfuta tare da sauran aikin ranar, ta tafi gida da sanyin zuciya.

Alƙali ya buɗe tarihin gyare-gyare ya juyo mata da allon. Ga ranar, ga sunanta, ga abin da ta goge. Yaya ba ta barin fitila da lamba, kowace sai ta raɗa mata suna na tsokana, wata Sarkin Yawa, wata Uwar Gulma. Wannan kuwa ba tsokana a ciki.

Mai gadin Mama.

Auta ta toshe baki da hannu biyu.

"Ni ce," ta ce ta cikin yatsunta. "Ni na buɗe mata hanya. Da hannuna."

"Ba ki sani ba."

"Ƙwan benenmu! Alƙali, ƙwan fitilar saman benenmu tun wancan satin ya mutu. Na sauya ya fi sau goma, ina sawa yake ƙonewa. Mai gyaran wuta ya zo sau biyu ya ce wayar wuta lafiya lau. Da fitilar wayata nake hawa, ko da rana tsaka."

Wani abin kuma ba ta iya faɗa masa ba. Kullum in tana hawa akwai mataki ɗaya da take jin sanyi ya ratsa ta, kamar ta wuce gaban firij a buɗe. Da can a ƙasa take jin sa. Yau da safe, da za ta sauko, tana fitowa daga ɗakin Mama ta ji shi.

"Saurara," Alƙali ya ce. "Tarihin ya ajiye komai, launinta, ƙarfinta, nisan haskenta, inda aka rataye ta. Mai rai ce, ba ta buƙatar gashi. Danna ɗaya ne ta dawo. Shi ya sa na kira ki, da sunanki aka goge, ke ce za ki iya mayarwa. Mu yi kafin Oga ya sa gashin ƙarshe da ƙarfe uku."

Ta fizgi linzamin. Ta danna mayarwa.

Wani jan rubutu ya fito. Taswira a kulle take, ana gasa haske.

Suka kalli juna.

A ƙasan allon wani siririn layi na tafiya. Tamanin da bakwai cikin ɗari.

Auta ba ta san lokacin da ta fita ba. Ta ratsa babban ɗakin aiki, ta ture kujerar mai zane har kofinsa ya kife, ta banka ƙofar Oga ba sallama. Yana zaune ya ɗora ƙafa kan tebur yana sakace.

"Oga, ka tsayar da gashin nan!"

"Ikon Allah. Ba gaisuwa?"

"Ka ce ƙarfe uku!"

"Na ce uku, na ga ba abin da muke jira, na sa tun ƙarfe biyu. Laifi ne? Fitilunki sha biyun nan masu rai ne, kya ƙarasa daga baya."

"Don girman Allah ka tsayar. Minti ɗaya kawai nake so."

"Minti ɗaya? In na tsayar yanzu daga farko zai koma, kusan awa guda. Ke za ki yi wa masu wasan bayani?" Ya sauke ƙafa ya dube ta da kyau. "Wai me ya faru ne? Kin ga fuskarki kuwa?"

Me za ta ce? Inuwa za ta shiga ɗakin uwata? 

Alƙali ya shigo yana haki.

"Oga, ba ni makullin ɗakin babbar kwamfuta, in je in kashe ta da kaina."

"Kai ma? Yau me kuka sha ne a ofishin nan?"

"Shekara shida ina aiki da kai, na taɓa roƙonka wani abu? Ba ni makullin."

Oga ya ga ba wasa a idonsa. Ya fara laluben aljihu yana mita, ya duba aljihun tebur, ya ɗaga takardu.

"Af. Yana mota."

Alƙali ya zari makullin motar daga kan tebur ya fita a guje. Hawa uku ne zuwa inda ake ajiye motoci.

Auta ta koma ɗakin gwaji. Casa'in da huɗu. Ta ciro waya ta kira matar da ke kula da Mama.

"Ina kike?"

"Ina kantin magani, Anti. Na Mama ne ya ƙare, layi ne wallahi kamar me."

"Wa kika bari a gidan?"

"Ba kowa. Ai na kulle ƙofar waje, makulli na hannuna."

Ta katse ta kira Mama. Ta yi ta ringi har ta tsinke. Casa'in da shida. Ta sake kira.

"Assalamu alaikum. Auta?"

"Mama! Mama, lafiya kike?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Barci ne ya ɗan ɗauke ni. Me ya samu muryarki?"

"Ba komai. Mama, ki kunna fitilar gefen gadonki."

"Da ranar Allah? Ke dai ba kya rabo da abin dariya."

"Don Allah ki kunna. Ki kunna ta wayarki ma, ki haska ƙofa."

"To, to, bari in lalubo. Ke da Yayarki Allah Ya jiƙanta duk halinku ɗaya, ita ma haka ta dame ni da zancen fitila."

Casa'in da takwas. Auta ta ɗora yatsa a kan linzami, daidai wurin mayarwa. Ana buɗe taswirar za ta danna, ko daƙiƙa ɗaya ba za ta ɓata ba. Ta ji ƙarar maɓalli ta cikin wayar, ƙas, ƙas.

"Ta ƙi kamawa," Mama ta ce. "Ko sun ɗauke wuta ne? Ga fanka kuwa na juyawa."

Casa'in da tara.

Daga can ƙarshen baranda ta jiyo gudun Alƙali da ƙarar makullai.

Ɗari.

Jan rubutun ya ɓace. Ta danna. 'Yar fitilar ta dawo saman koriyar ƙofa, ruwan ƙwai-ƙwai, haskenta ya zubo a hankali har ƙasa. Auta ta matso da fuska jikin allo tana ƙirga matakan da ido. Na ɗaya fes. Na tara fes. Na sha biyar, na sha shida, babu komai. Babu inuwa ko ɗaya a benen.

"Alhamdulillahi," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Ta tafi. Alƙali, zo ka gani, ta tafi!"

Ya shigo da makulli a hannu, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ya sunkuya ya kalli allon. Bai yi murna ba.

"Auta, wa ya taɓa ƙofar nan?"

"Wace ƙofa?"

"Koriyar. Hoto ce kawai a jikin bango. Ba a gina ta don ta buɗe ba, babu ɗaki a bayanta. Sau ɗari na gwada ta."

Ta kalla. Ƙofar a buɗe take, kamar faɗin tafin hannu. Hasken 'yar fitilar na zuba a waje, a kan benen, inda ba kowa.

Wayar na manne a kunnenta har yanzu. Ta ji Mama ta yi 'yar dariyar nan tata ta jin daɗi, amma muryar ta yi nisa, kamar ta juya kai daga wayar.

"Kai, Auta, kin iya tsokana. Ashe kina gidan kike ta wahalar da ni da waya."

"Mama, ina ofis."

"To shigo mana, kin tsaya a bakin ƙofa kin yi shiru. Zo ki tayar da ni, bayana ya gaji."

"Mama, ba ni ba ce! Kar ki miƙa mata hannu! Mama!"

"Wash, 'yar nan," Mama ta ce can ƙasa-ƙasa. "Hannunki sanyi."